Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci: gwaji da kalmar "circumstance"

Ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's, wanda A. S. Hornby ya kafa tushensa a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020, kuma ana samunsa a shagunan littattafai na Kaduna, musamman wajejen titin Ahmadu Bello. Kalma guda ta isa a auna shi, ga "circumstance" nan, wadda ke yawan kayar da ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO.

Ƙamus ɗin ya raba ta gida uku. Na farko shi ne yanayi ko abubuwan da suka kewaye wani lamari, kuma ya yi gargaɗi cewa galibi da jam'i take zuwa. Wannan gargaɗin kaɗai ya biya kuɗin littafin, domin nan ne aka fi zamewa: ɗalibi ya rubuta "the circumstance of his death" alhali "circumstances" ake so. Na biyu halin rayuwar mutum ne, musamman abin hannunsa. Na uku ba ya ɗaukar jam'i, kamar a "a victim of circumstance", wato wanda hali ya rutsa da shi, ba laifinsa ba.

Inda ya fi burgewa shi ne salon magana. "Under the circumstances" na nufin duba da halin da ake ciki. "Under no circumstances" kuwa ko ana ha-maza-ha-mata ke nan, ko kusa ko alama. Sai dai akwai tarko a nan. Idan jimla ta fara da ita, dole mataimakin aikatau ya riga mai aikatawa: "Under no circumstances should you open the door". Wanda ya rubuta "you should" ya zubar da maki. Akwai irin wannan misali a ƙamus ɗin, amma mai karatu cikin gaggawa zai tsallake shi, sai malami ya nuna masa da yatsa.

Rauninsa shi ne babu Hausa ko ɗaya a ciki. Ɗan aji ɗaya na sakandare zai je neman kalma ɗaya ya dawo da uku da bai sani ba. Alamomin furuci ma sai an koya, ko da yake abin riƙewa ɗaya ne: a "circumstance" nauyin murya a gaɓar farko yake, ba a tsakiya ba kamar yadda wasu ke ja.

Kafin a biya kuɗi a duba takarda. Jabun bugu ya yi yawa a kasuwa: takardarsa shara-shara ce har ana hango rubutun baya, tawada ta kode, ƙananan alamomin jam'i da na furuci sun dushe. Ga mai shirin jarrabawa kuma, waɗannan ƙananan alamomin su ne abin da ya saya.