Wuƙa mai dogon kunne ko mai gajere: wacce ta dace da yashin Damagaram?

Malam, ka ce injin yankan ciyawa na hawa da kake kula da shi ya cinye wuƙaƙensa cikin damina ɗaya, yana kuma barin ciyawa gefe tudu gefe kwari. Kana tambaya ko ka sake sayen masu dogon kunne irin waɗanda ya zo da su, ko ka koma masu gajere.

Kunnen nan da aka lanƙwasa sama a bayan wuƙa shi ke jan iska. Mai dogon kunne tana miƙar da ciyawa tsaye kafin ta sare ta, ta watsa ta nesa ko ta cusa ta cikin jaka, shi ya sa yankanta ya fi kyan gani. Amma an yi ta ne don ƙasa mai danshi wadda ciyawa ta rufe ruf. A nan kuwa ciyawarmu tsilla-tsilla take, yashi ne a tsakani, ita kuma wuƙa ba ta tantancewa, duk abin da ta tarar sama za ta ja. Bakinta yana gudun da ya haura kilomita 250 a awa, sai yashin ya riƙa goge gindin kunnen har ya zama kamar takarda. Ranar da ya ɓalle, guntun ƙarfe ne zai fita da wannan gudun. Cikin kaskon, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙen ke juyawa a ƙarƙashinsa, shi ma yana cinyewa, ƙurar kuma tana toshe matatar iskar injin.

Mai gajeren kunne jan iskarta kaɗan ne. Ƙura ta ragu, injin bai wahala, ƙarfen ya daɗe. Inda take gazawa shi ne cikin Agusta, in ciyawa ta yi tsawo ga jiƙa: takan bar ta dunƙule-dunƙule, jaka kuma ba ta cika. Maganinsa ka yawaita yanka, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta.

Ni dai gajere zan saya, sai fa in filin naka ana ba shi ruwa rani da damina har ciyawar ta rufe ƙasa. Ka canja su duka tare, kunne yana kallon sama. Tsoffin kuma kada ka kai wa mai walda ya yi musu ciko, nauyinsu zai karkace, girgiza ta kashe maka boris.

Tudu da kwarin kuwa, sabuwar wuƙa ba lallai ta gyara shi ba. Fara da tayoyi, don ƙaya ba ta raga musu a garin nan, kuma taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatar da kasko. Ka daidaita iskar, ka ajiye injin kan siminti mai lebur, ka zare makulli da wayar buji. Juya wuƙaƙen su kalli gefe da gefe, ka auna daga ƙasa zuwa bakin kowace ta waje: bambancin kada ya wuce milimita 3. Sannan ka juya su gaba da baya, gaba ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6. Da notocin sandunan da kaskon ke rataye a kai ake gyarawa. In ka juya wuƙa ɗaya ka ga bakunanta biyu ba su ba da awo ɗaya a wuri ɗaya ba, to ita ce ta lanƙwashe ko sandar da take juyawa a kai, ɗaure noti ba zai yi komai ba.