Jar kawa ko derasa: derasa za ka saya

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wace kawa za ka saya. Tsakanin jar kawar nan da masu sayarwa ke kira flame scallop da kuma babbar kawar nan Tridacna derasa, wadda za ka saka a tankinka na ruwan gishiri derasa ce. Na riƙe su duka biyun. Ɗaya tana nan da ranta, ɗayar kuwa ɓawonta kaɗai ya rage a hannuna.

Derasa tawa shekararta huɗu ke nan a wurina. Ranar da na kawo ta tsawonta bai fi santimita 8 ba, na ajiye ta a kan yashi daidai ƙarƙashin fitila, ban ƙara motsa ta ba. Yanzu ta haura santimita 20. Kullum da safe fitila na kamawa za ka ga ta buɗe a hankali, ta shimfiɗa naman nan nata mai ratsin ruwan zinari da shuɗin baki har ya rufe gefen ɓawon. In na gitta hannu ta saman ruwa, inuwar kaɗai ta ishe ta: sai ta tsuke, ta feso ruwa har yashin gefenta ya tashi, jim kaɗan ta sake buɗewa. Abin da na fi so in duba shi ne farin layin da ke leɓen ɓawon. Sabon ɓawo ke nan, kuma muddin ina ganinsa fari tas na san tana girma, hankalina a kwance yake.

Dalilin da ya sa ta yi wannan ƙarko a cikin jikinta yake. Akwai wasu ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, suna zaune a cikin namanta, suna sarrafa haske su samar mata abinci, kamar yadda yake a jikin murjani. To ka ga in ka ba ta haske mai ƙarfi ka ciyar da ita ke nan. Sauran aikin na ruwa ne: kalsiyam ya tsaya tsakanin 400 da 450, alkaliniti wajen 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, gishiri 1.025, zafin ruwa digiri 25 ko 26, kuma kada su riƙa hawa da sauka. Tana da nata nauyin, ba zan ɓoye maka ba. Tana girma tana ƙara shan kalsiyam, har sai da na koma gwada ruwa sau biyu a mako. A teku takan kai santimita 60, saboda haka ƙaramin tanki ba wurinta ba ne. Akwai kuma wasu fararen dodon-koɗi 'yan mitsi-mitsi da ke laɓewa a ƙasan ɓawon suna tsotsar ta da dare, sai ka riƙa haskawa da tocila kana cire su.

Ita kuwa jar kawa, kyau dai tana da shi, wannan ba a ja. Sunanta na kimiyya Ctenoides scaber, daga tekun Karebiyan ake kamo ta. Babu waɗancan tsirran a jikinta, don haka haske bai amfane ta da komai ba. Abincinta duka daga tace ruwa yake fitowa, dare da rana, tana tsintar fulankton, wato ƙananan halittun da ke yawo a ciki. Mu kuma me muke yi a tanki? Mun sa sikima, na'urar da ke kwashe datti ta hanyar kumfa, mun sa matata, muna kwashe ainihin abin da take ci don ruwa ya yi garau. Tawa a dare na biyu ta tafa ɓawonta ta yi iyo ta shige bayan duwatsu, ta kafa zaruruwan da take maƙalewa da su a wani lungu. Sau biyu ina ciro ta ina dawo da ita gaba don in riƙa ganinta, wanda kuskure ne babba, domin duk cirewa sai ta sake kashe ƙarfinta wajen saƙa sababbin zaruruwa. Daga wata na uku jan ya fara koɗewa, gezar ta gajarce, in na taɓa ruwa kusa da ita sai ta ɗau lokaci kafin ta rufe. A wata na biyar na tarar da ita a wangale. Yunwa ce ta kashe ta a gabana, a hankali, ina ganin kamar lafiya take. Har yau abin yana damuna, kuma mafi yawan waɗanda na san sun saye ta labarinsu ke nan, 'yan watanni ne.

In ka riga ka ƙudura sai jar kawar, to ga abin da zai ba ta dama. Tankin ya zama ya kwana biyu, kamar shekara guda, mai duwatsu masu rai da yawa, wato waɗanda ƙananan halittu suka zauna a jikinsu, in da hali da wani ƙaramin tanki a haɗe inda ƙananan halittu ke hayayyafa ba mai cinye su. Ka nemi fitofulankton mai rai, wato fulankton na tsirrai, ka haɗa da 'yan mitsi-mitsin dabbobin ruwa da ake kira rotifa, ka ba ta kusan kullum. Lokacin ciyarwa ka kashe sikima na kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, ka zuba da sirinji a hankali ta inda ruwa zai ɗauko ya kai mata. In ka fesa mata kai tsaye rufewa za ta yi, abincin ya wuce. Ka sa ido a kan naitiret, sinadarin da datti ke tarawa a ruwa, domin wannan yawan ciyarwar yana ɓata ruwa, dole ka ƙara yawan canji. Inda ta zaɓa ta zauna ka bar ta, ko da ba ka ganinta sai da tocila. Kada ka haɗa ta da talibambam, da kifayen da ke fasa ɓawo da haƙori, da manyan ƙaguwa. Maganin kifi mai sinadarin tagulla kuwa kashe ta zai yi, ita da derasa duka.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Wanda ya sayar mini cewa ya yi ba ta buƙatar komai, dattin ruwa take ci, ta dace da mai farawa. Ba gaskiya ba ne, kuma ya sani. Wata kawar ta yi makonni a tankin shago ba abinci, ka saya ta riga ta yi nisa. Akwai 'yar'uwarta, Ctenoides ales, ta yankin tekun Indiya da Fasifik, mai walƙiya a leɓe, za a ce maka lantarki take fitarwa don a ja ra'ayinka. Binciken da aka wallafa a 2014 daga jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna ƙananan ƙwayoyin silika ne a leɓen suke mayar da haske yayin da take naɗe shi tana warwarewa. Matsalar ciyar da ita iri ɗaya ce da ta jar.

Ko derasar ma kada ka ɗauka ido rufe. Duk dangin Tridacna suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa mai kula da cinikin halittun da ke cikin haɗari, don haka ka tambaya ko ta kiwo ce, irin waɗanda ake renowa a Palau da tsibiran Marshall. Ka ce a kashe shuɗiyar fitila a kunna fara, domin shuɗin haske yana ɓoye koɗewa. Ka gitta hannu ka ga ta tsuke nan take. In bakin da take shan ruwa ya wangale, ko naman ya janye ciki ya bar ɓawo a fili, bar musu abarsu komai rangwamen da suka yi. Kuma ka zaɓi wadda ta kai santimita 8 zuwa 10, 'yan ƙananan sun fi saurin mutuwa.

Turo mini yawan litar tankin da irin fitilar da kake da ita, in gaya maka ko za ta ɗauki derasa yanzu ko sai ka ƙara haske tukuna.