Kwas na kwana uku ko makarantar wata huɗu? Amsa ga ƙanwarmu ta Makka mai son koyon kwalliya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwarmu ta unguwar Hindawiyya ta yi tambaya shekaranjiya, na ga amsoshi suna ta zuwa gutsi-gutsi, wannan ta ce je ki nan, waccan ta ce je ki can, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tawa gaba ɗaya. Ga waɗanda ba su gani ba: a Makka aka haife ta, shekararta 22, igamarta, wato takardar zamanta a Saudiyya, tana ƙarƙashin mahaifinta. Tana da hannun lalle da kwalliya tun tana ƙarama, yanzu tana so ta mai da abin sana'a. Zaɓi biyu ne a gabanta. Akwai kwas na kwana uku da wata mai kwalliya da ta yi suna a Snapchat za ta yi a wani otal a Jidda, akwai kuma wata cibiya mai zaman kanta da ke koyarwa wata huɗu, kuɗinta ya ninka na farkon wajen sau huɗu. Ta ce wanne ne zai ba ta takardar da za ta fara aiki da ita ba tare da fargabar baladiyya, wato hukumar birni mai duba shaguna, ba?

Ƙanwata, babu ko ɗaya. Gara in faɗa miki tun yanzu kafin kuɗin Baba su fita. A ƙasar nan hannu daban, shaidar karatu daban, izinin aiki daban. Makaranta tana iya ba ki biyun farko. Na ukun ba a aji ake samunsa ba, yana rataye ne da irin takardar zamanki. Shekarata 11 ina aiki a mashgal, wato shagon kwalliyar mata, a Jidda, kuma yawancin yaranmu da na ga sun shiga uku a sana'ar nan ba rashin iyawa ne ya kai su ba, haɗa waɗannan ukun suka yi wuri ɗaya.

Mu fara da takardar, tunda ita kika fi damuwa da ita. Hukumar da ke ba cibiyoyin horo masu zaman kansu lasisi a Saudiyya ita ce hukumar koyar da fasaha da sana'o'i, wadda za ki ga ana rubuta TVTC. Ita ke amincewa da cibiya, kuma ita ke amincewa da kowane kwas da cibiyar za ta yi. Wannan gaɓar ta biyu ce ake yi wa mutane wayo a kanta. Cibiya tana iya samun lasisi na gaskiya, a rataye a bango, amma kwas ɗin kwalliyar da take tallatawa ba ya cikin waɗanda aka amince mata. A tsarin hukumar, gajeren kwas da bai wuce wata ɗaya ko awa 60 ba, daura tatwiriyya ake ce masa, wato na ƙara wa mai sana'a gogewa. Wanda ya fi haka tsawo, mai shirya mutum ya shiga sana'ar daga tushe, shi ne ta'ahiliyya. Difloma kuma shekara biyu ce zuwa sama. To kin ga ko da kwas ɗin kwana ukun yana da rajista, ajinsa na ƙarin gogewa ne, ba na mai farawa ba. Sau da yawa ma abin da ake bayarwa a irin taron otal ɗin nan shahadar halarta ce kawai, mai ɗauke da sunan malamar da sa hannunta.

Ni kaina an yi mini. A shekarata ta biyu na tara kuɗin lallen Sallah biyu na biya wani kwas, aka ba ni takarda mai ruwan zinare da hatimi har biyu, wai daga Turai. Ranar da na kai ta wurin neman aiki, mai mashgal ɗin ta juya ta gaba da baya, ta tambaye ni lambar rajistarta. Babu. Har yau ina jin zafin kuɗin nan, domin da guminsu na san yadda na same su. Saboda haka idan aka ce miki shahada ta duniya ce, ki tambayi sunan mai bayarwa. Akwai na gaske, irin su CIDESCO ta Suwizalan da City & Guilds ta Ingila, kuma duk cibiyar da ke aiki da su ba ta jin nauyin nuna shaida. Su ma ɗin daraja suke ƙara miki a idon mai ɗaukar aiki, ba sa zama izini.

A gefen takarda dai, ta wata huɗu ta yi gaba, in har rajistarta ta tabbata.

Sai hannu, kuma nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani sosai. A kwana uku kallo za ki yi. Malama tana kan dandamali, fitilu sun haske fuskar yarinyar da aka zaɓo mata mai sumul ɗin fata, ku kuna zaune kuna ɗauka a waya. In an yi sa'a rana ta uku ki taɓa fuska ɗaya. Ba na raina shi, domin waɗannan matan sun iya aiki, kuma wadda ta riga ta yi shekara tana kwalliya za ta tsinci dabaru biyu ko uku da za su canza mata hannu gaba ɗaya: yadda ake ɗaga ido mai nauyin fatar sama, yadda ake haɗa launi ya fito a hoto. Amma wadda ba ta san tushe ba, ba ta ma san abin da za ta kalla ba. A wata huɗu kuwa za ki yi kuskure a gaban malama, ta goge, ki sake, ta sake gogewa. Fuska talatin ko arba'in da kika ɓata kika gyara su ne karatun.

Sai dai akwai abin da duka biyun za su iya gaza miki, kuma shi ne ya fi shafarmu mu Hausawa: baƙar fata. Yawancin kwasa-kwasan nan a kan farar fata da wankan tarwaɗa ake koyarwa, kayan da ke cikin akwatin da za a ba ki ma launinsu iyakarsa ke nan. Ke kuma amarenki na farko 'yan unguwa ne, daga Shara Mansur, Misfala, Jarwal, in kin sauko Jidda kuma Karantina da Sabil. Duk mun ga amaryar da aka mayar da fuskarta toka-toka, wuya baƙi fuska fari, hoto ya fito kamar an yayyafa mata gari. Dalilin a fili yake: an ɗora fandeshin da bai dace da asalin launin da ke ƙarƙashin fatarta ba, ba a fara kashe duhun ƙasan ido da gefen baki da launin lemo ko ja ba, sannan aka danne da farar hoda wadda hasken kamara ke dawo da ita. Ki ƙara da gumin Jidda, ki ƙara da cewa amarya a nan ana gama mata kwalliya bayan Isha'i amma sai tsakar dare ta wuce za a yi zaffa, wato shigo da ita wurin biki. Fuskar da ba a shimfiɗa ta siriri-siriri ba, kafin a shiga da ita zaure ta tsage. Don haka ki tambayi cibiyar kai tsaye: zan iya kawo tawa mai zama, baƙa kamata? Ki ce malamar ta nuna miki hoton aikinta a kan baƙar fata, ba wanda aka tace ba. In ta fara kame-kame, kin sami amsa.

Tsafta kuma ba a koyar da ita a kwana uku, babu lokacin. Ita ce kuwa ke rufe wa mutum sana'a. Burushi ɗaya da soso ɗaya a fuska biyar ranar kamu, gazal ɗaya a idon kowa, washegari gida ya cika da afolo, kuma kowa ya san hannun wa ya taɓa su. Makaranta mai kyau za ta koya miki ɗiban jan baki da ɗan cokali maimakon gogawa daga bakin wannan zuwa na waccan, gwada gam ɗin gashin ido kafin ranar biki, da gane fatar da kalɗa ta cinye. Kalɗa ita ce haɗin man ƙara hasken nan da ake sayarwa a robobi ba suna. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta sha gargaɗi a kan irinsu saboda sinadarai masu cutarwa da ake samu a ciki. Fatar da ta saba da su siririya ce, tana saurin yin ja da ƙuraje, in ba ki gane ta ba ke za a ɗora wa laifi.

Kuɗi ba sai na daɗe a kai ba. Ki tambaya ko kuɗin ya haɗa da kayan aiki, da harajin kashi 15 cikin ɗari, da kuɗin fitar da shahada. In a Jidda cibiyar take, ki lissafa motar Makka zuwa Jidda ta wata huɗu. Ki karɓi rasit mai sunan cibiyar, kada ki tura kuɗi asusun wata.

Yanzu izinin aiki. A nan ma hanya biyu ce gefe da gefe, kuma a cikinmu akwai masu bin kowacce.

'Yar'uwarmu Bahausa mai katin ɗan ƙasa, irin zuriyar da kakanninsu suka zauna tun zamanin tafiyar ƙafa, ƙofofi a buɗe suke gare ta. Kwalejojin fasaha na mata na gwamnati suna da diflomar tazyin nisa'i, wato kwalliyar mata. Tana iya ciro wasiƙar amal hur, takardar mai sana'ar kanta da ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa ta intanet kyauta, ana sabunta ta duk shekara. In shago take so, ta yi sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, a ma'aikatar kasuwanci, ta nemi lasisin mashgal ta Balady, manhajar baladiyya. Wadda mahaifiyarta 'yar ƙasa ce ita ma tana da sauƙi, domin an yarda ta yi aiki a kamfani ba tare da canza kafili, wato wanda igamarta ke ƙarƙashinsa, ba.

Ke kuwa ƙanwata, haihuwar Makka ba ta sa ki cikin wannan layin ba, ko da kin fi su iya Larabcin Hijaz. Wasiƙar amal hur ta 'yan ƙasa ce. Mai igamar rakiya ba ta da izinin aiki. Hanyarki ta halal a dokance ita ce ki sami mashgal mai lasisi da zai ɗauke ki, a mayar da igamarki daga ƙarƙashin Baba zuwa gare su ta Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, a rubuta miki kwantiragi, sana'ar da ke kan igamarki ta dace da aikin da kike yi. Sannan ki ciro shahada sihhiyya, wato takardar shaidar lafiya, ta Balady, wadda ake nema daga duk mai aiki a wurin gyaran jiki da kwalliya bayan gwajin lafiya. Ita ce abu na farko da 'yan baladiyya ke tambaya in sun shigo. Ki kuma sani tun ƙarshen 2023 kujerun gudanarwa a mashgal na 'yan ƙasa ne, amma aikin hannu yana nan a buɗe gare mu. Akwai ɗan sauƙi ma ga gida: in Baba yana cikin masu biyan kuɗin 'yan rakiya, riyal 400 ɗin nan na kowane wata a kanki zai sauka daga wuyansa.

Na san abin da wasu za su ce: ai kowa a gida yake yi, ana zuwa har ɗaki a yi wa amarya, ba abin da ya faru. Gaskiya ne ana yi. Amma baƙon da aka kama yana aiki don kansa, hukuncinsa yana iya kaiwa tarar riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan tarhil, wato kora daga ƙasar. Ki tsaya a kan kalmar nan ta ƙarshe. Ke da ba ki taɓa kwana a Kano ba, iyayenki da ƙannenki duk suna nan. Kuma lambar wayar da kika liƙa a Instagram don amare su same ki, ba amare kaɗai ke ganinta ba. Haka nan in wata ta ce ki kawo jari ta buɗe miki mashgal da sunanta, wannan shi ne tasattur, kuma dokar 2020 ta sa masa ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 5, ke da ita duka. Tun kafin hukuma ma, ranar da kuka ɓata shagon nata ne a takarda.

Abu ɗaya kuma da za ki gani a tallan wasu kwasa-kwasan: a haɗa miki da allurar cika leɓe ko aiki da na'urar lesa, wai ƙarin garaɓasa. Kada ki kusanci wannan. Aikin asibiti ne, yana ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, kuma yin sa ba lasisi yana jawo ɗaurin da zai kai wata shida da tara har riyal 100,000. Zanen gira na dindindin da tsige ta kuwa, hadisin Ibn Mas'ud da ke Bukhari da Muslim, mai la'antar masu yin su, ya ishe mu. Ki nemi malamar da za ta koya miki fitar da gira da jagira da kwansila ba tare da an cire gashi ko ɗaya ba, domin amarenmu da yawa shi ne sharaɗinsu na farko kafin su zauna.

Da ni ce ke, ta wata huɗun zan shiga, bayan na ga lambar lasisin cibiyar da sunan kwas ɗin a cikin waɗanda hukumar ta amince da su. Tun ina wata na biyu zan fara zagaya mashgal-mashgal da hotunan aikina, in fi nuna musu baƙar fata da lalle da dilka, domin nan ne muke da abin da ba kowa ke da shi ba, kuma shi ne zai sa mai shago ta yarda ta ɗauki ɗawainiyar mayar da igama. Na kwana ukun ki bar shi sai kin yi shekara guda burushi yana hannunki, lokacin ne kuɗinsa za su dawo miki. In kuma kuɗin wata huɗun sun fi ƙarfin gida a bana, kada ki jefa ɗan abin da ke akwai a otal don kawai ki riƙe takarda. Ki ci gaba da gwada hannu a fuskar ƙannenki da ƙawaye, ki tara, ki shiga zango na gaba.

Ranar Lahadi in kin je cibiyar, ki tafi da Umma ko yayarki, ki ce a bar ki ki leƙa aji ana cikin darasi. Ki ƙirga ɗalibai nawa ne a kan malama ɗaya, ki duba ko burushi ne a hannunsu ko waya. Abin da kika gani ki zo ki faɗa mana kafin ki sa hannu a komai.