Igiya da Ɗamarar Kare: Wacce Za Ka Saya Kafin Ku Shiga Gandun Daji?

Kafin ka sayi komai, duba dokar gandun da za ku shiga, don ita ke ƙayyade tsawon igiya. Gandun dajin gwamnatin tarayya a Amurka, alal misali, ba sa yarda igiya ta wuce ƙafa 6, wato kusan mita 1.8. Wasu wuraren ma kare ba ya shiga sam. Tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa kan tashi su bar ƙwansu da zarar kare ya kutsa cikin ciyawa, ko da bai taɓa su ba.

Igiyar da ta fi dacewa ita ce mai tsayayyen tsawo, mita 1.5 zuwa 1.8. Mai naɗe kanta cikin akwatin roba, wadda kan kai mita 5 zuwa 8, tana da daɗi a fili, amma a siririyar hanyar daji wahala ce. Zarenta kan sarƙe a reshe, rairayi kan shiga makullinta ya ƙi kamawa, kuma in kare ya hango zomo ya fizga ka cafke zaren da hannu, sai ya yanke maka yatsa. In akwatin ya suɓuce, ƙararsa a ƙasa tana bin karen a baya, shi kuma ya ƙara gudu. Wadda ake ɗaurawa a ƙugu tana 'yantar da hannu, sai dai babban kare na iya kayar da kai a gangara.

Igiyar nailan mai sauƙi ce, amma tana shan ruwa tana kwasar ƙaya. Wadda aka lulluɓe da roba kuwa, tsumma kaɗai ya isa ya goge ta. Ka duba ƙugiyar da kyau: a samu mai juyawa, mai kulle, don mai sifirin kaɗai tana cijewa in ƙasa ta shiga.

Abin wuya a bar shi don rataya lambar wayarka. Kare mai ja, maƙogwaronsa yake dannewa, har ka ji yana tari. Ɗamarar ƙirji ta fi, musamman wadda gabanta ke da siffar harafin Y. Auna zagayen ƙirjinsa daga bayan ƙafafun gaba kafin ka zaɓa. Yatsu biyu su shiga ƙarƙashin madauri. In ta fi haka sako-sako, zai ja da baya ya zame. In ta matse, za ta goge masa hammata har gashi ya zube. Mai mariƙi a gadon baya tana taimakawa wajen ɗaga shi a kan dutse.

Ka haɗa da kwanon roba mai naɗewa, ledar kwashe kashi, da hantsakin cire kaska. Kama kaskar dab da fata, ka ja a miƙe a hankali, kada ka matse cikinta.