Rediyon jami'a ko TikTok: wanne zai sa a san ka?

Ƙanina, na ga tambayarka. Ka samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, yayarka ɗaliba ce da ke gabatar da shiri a gidan rediyon jami'ar, BUK FM, kai kuma burinka ka yi suna. Kana so ka sani: ka bi ta hannunta ka shiga rediyo, ko ka buɗe shafin TikTok tun kana nan Ƙofar Ƙaura a Katsina? Son a san mutum ba aibi ba ne, don haka kada ka ji kunyar faɗa.

Idan yawan masu sauraro kake nema, waya ta fi. BUK FM tana kan mita 98.9, kuma kamar sauran gidajen rediyon jami'a, don koyar da ɗalibai hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, ta ba ta lasisi, shi ya sa ba ta cin dogon zango. Tsakaninmu da Kano ya haura kilomita 150. Murɗa akwatin rediyonka a Katsina ka gani, ba za ka kama ta ba, ko Hajiya a gida ba za ta ji muryarka ba. Bidiyon minti ɗaya kuwa da ka ɗauka a gindin hasumiyar Gobarau zai iya kaiwa Maraɗi da Jidda kafin gari ya waye.

Sai dai da me za a san ka? Nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani. A situdiyo akwai wanda zai dawo maka da rubutunka ya ce ka sake. Za ka koyi tantance labari kafin ka faɗe shi, da fassara shi zuwa Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta gane, da yadda ake yi wa babban mutum tambaya mai zafi ba tare da raini ba. In an ba ka minti 30, minti 30 ne. In jar fitila ta kama, ba damar a goge a sake. A waya babu mai gyara maka, kuma abin da ya fi saurin tara mabiya rigima ce da habaici. Ina jin takaicin ganin yara masu basira sun koma zage-zage don kawai a kalle su, gobe kuma a zo neman aure ko aiki a tono bidiyon. Muryoyin da muka taso muna ji a Sashen Hausa na BBC, wanda ke watsa shiri tun 1957, iya aiki ne ya sa muka riƙe sunayensu.

Batun yayarka kuma, ka yi sa'a, amma ka san iyakar sa'ar. Za ta nuna maka yadda ake zama gaban makirfo, ta saurare ka a gida ta faɗa maka gaskiyar da baƙo zai ji nauyin faɗa. Kujerar dai ba tata ba ce, za ta gama karatu ta tafi. In ta hanyar alfarma ka shiga, duk kuskuren da ka yi ita za a kalla, duk abin kirkin da ka yi a ce ƙanin wance ne. Zanen aro ba ya rufe katara. A TikTok babu mai tambayar ɗan gidan wa kake, wannan kam na yaba masa.

Ni da zan zaɓa maka, rediyo za ka fara. Ka je wurin shugabannin tashar da ƙafarka, ka nemi a gwada muryarka, ka karɓi ko da karanta sanarwa ne. In an yi hutu ka dawo Katsina, ka nemi koyon aiki a Rediyon Jihar Katsina ko Companion FM. Shirin da ya yi kyau, ka nemi izini ka yanko minti biyu ka ɗora a shafinka.