Hattara da masu tallan "layin 'yan kasuwa" na shekara guda a WhatsApp

Jama'ar Aliero, Jega, Birnin Kebbi da kewaye, musamman 'yan kasuwar albasa da na hatsi, a saurara. Akwai wasu da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp suna tallar abin da suke kira "layin 'yan kasuwa". Wai ka biya sau ɗaya, ka shekara kana kira kana hawa intanet ba ka sake sayen kati ba. Damfara ce. Kawuna suka yi wa, ni na zauna warware ɓarnar, shi ya sa nake da bakin magana.

Kawu dillalin albasa ne a Aliero. Idan kaka ta kama, wayarsa ba ta sauka daga kunne: direba, masu lodi, masu saye a Legas da Anacha. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kullum sai ya yi mitar kati. Ba shi kaɗai ba, kowa neman sauƙi yake, kuma ta wannan ƙofar mutanen nan ke shigowa.

Wani ne ya shigo guruf ɗinsu na 'yan albasa da hoton kamfanin layi a fuskar lambarsa. Bai fara da maganar shekara ba. Data ya fara sayarwa a rabin kuɗinta, kuma tana shiga. Kawu ya gwada sau biyu, duk biyun saƙo ya zo nan take. Wannan ba abin mamaki ba ne, kowa na iya sayen data ya tura wa wani layi. Asarar 'yan ɗaruruwa yake yi da gangan, tsaba ce yake watsa wa kaji. Da mutane suka saki jiki har suna yi masa shaida a guruf, sai ya fito da babban tallan: naira 18,000, shekara cur, amma gurbi ashirin ya rage, kuma ranar Juma'a za a rufe.

Kawu ya je wurin mai POS ya tura. Da na ga rasit ɗin daga baya, sunan wani mutum ne a kai, babu sunan kamfani ko kusa. Shi bai duba ba, mai POS ɗin ma bai ce masa komai ba.

Da a nan abin ya tsaya, da mun ce Allah ya mayar da alheri. Bayan kuɗi sun shiga, mutumin ya kira shi cikin ladabi, Alhaji sama Alhaji ƙasa, ya ce saura a kunna tsarin. Ya karanto masa abin da zai danna: tauraro biyu, 21, tauraro, sai wata lambar waya, sai alamar # a ƙarshe. Kawu ya danna, waya ta nuna an yi nasara, ya yi godiya.

Ku riƙe wannan da kyau. Abin da ya danna ba ya kunna wani tsarin rahusa. Umarni ne na karkatar da kira, wato duk wanda ya kira layinka, kiran ya wuce kai tsaye zuwa waccan lambar da ka saka. Shi kuma WhatsApp, idan za a buɗe shi a sabuwar waya, yana aiko da lambobi shida na tabbatarwa, ko ta saƙo ko ta kiran murya. Ɓarawon sai ya saka lambar Kawu a tasa wayar, ya zaɓi kiran murya, kiran ya faɗa hannunsa, na'ura ta karanto masa lambobin. Ko tambayar Kawu lambar sirri bai yi ba, balle ya yi zargin wani abu.

Washegari da la'asar Kawu ya zo gidana a Birnin Kebbi, ya miƙo mini wayar.

"Ɗana, duba man wagga waya. Tun jiya ba wanda ya kira ni, kuma ga kasuwa tana ci."

Ina cikin dubawa tawa wayar ta yi ƙara. Gwaggo ce daga Jega, hankalinta a tashe, tana tambaya ko an samu an gyara motar. Na ce wace mota? Ta ce ai Kawu ya rubuto mata a WhatsApp cewa motar albasarsa ta lalace tsakanin Yawuri da Kwantagora, kaya za su ruɓe, a taimaka da abin da ya samu ta wani asusu domin nasa ya ƙi aiki. Ga Kawu zaune a gabana yana shan ruwa.

Ɓarayin sun san sana'arsa, sun san hanyar da motocin albasa ke bi, tunda sun daɗe a guruf suna karanta hirar mutane. Duk wanda ya yi shakka ya kira Kawu don ya tabbatar, kiran wurinsu yake zuwa, su ƙi ɗauka ko su ce yaron mota ne, Alhaji na wurin bakanike. Mutum huɗu suka tura kuɗi kafin magariba, har da wani abokin cinikinsa na kudu da suka shekara goma suna hulɗa.

Abin da muka fara yi shi ne danna ##002#, wanda ke soke duk wata karkatar da kira a layi. Nan take waya ta dawo da rai. WhatsApp ne ya ba mu wahala. Mun sake saka lambar, saƙon tabbatarwa ya zo, amma ɓarawon ya riga ya ɗora tasa lambar sirri ta mataki na biyu, wato ƙarin lambar da WhatsApp ke tambaya kafin a buɗe asusu a wata waya. Alhamdu lillahi, shigar da lambobi shidan ya fitar da shi daga asusun, sai dai mu ma sai da muka jira kwana bakwai kafin mu shiga. A kwanakin nan bi muka yi ɗaya bayan ɗaya muna kiran mutane, har sanarwa aka yi a masallacin unguwa. Waɗanda suka tura kuɗi kowa ya kai ƙorafi bankinsa da rasit, mu kuma muka kai rahoto wurin 'yan sanda. Wanda abin ya same shi kada ya kwana bai je banki ba, kuɗin ba sa daɗewa a asusun farko.

Kada a ce na ɓata wa yaranmu masu sayar da data sana'a. Da yawansu halal suke nema, ni ma wurin ɗaya nake saye. Amma rangwamensu ɗan kaɗan ne, ka biya ka ga kayanka, kuma babu wanda zai ce ka danna wani abu da lambar baƙo a ciki. Duk wanda ya ce ka biya na shekara a asusun mutum, ko ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka, ko ya ce yau za a rufe, kashe wayarka kawai.

Mai son rage kashe kuɗi da gaske, tun 2023 lambobin nan iri ɗaya ne a duk layukan ƙasar nan. Danna *312# ka ga tsare-tsaren data da farashinsu daga kamfanin kansa, sau da yawa na wata ya fi sayen na kullum sauƙi. *323# na nuna abin da ya rage maka. *305# kuma na taimaka maka ka tsayar da ƙananan hidimomin nan da ke gutsurar kati ba ka sani ba. A wayar Kawu kuwa, bidiyon guruf da ke sauka da kansu ne ke cinye masa data, na shiga saitin WhatsApp na kashe. Idan kana da matsala da layinka kira 300, idan ba a warware ba ga 622 na NCC, kyauta ne. Kuma yau ɗin nan kowa ya shiga saitin WhatsApp ya saka lambar sirri ta mataki na biyu da kansa, ya saka wa iyayensa.

Kawu ya dage sai ya biya abokin cinikin nan nasa daga aljihunsa, ya ce da sunansa aka karɓa. Shekaranjiya kuma wani ya turo mini hoton irin tallan nan daga guruf ɗin 'yan shinkafa na Argungu. An canza lamba, an canza hoto, kuɗin ya koma 15,000, amma har yanzu gurbi ashirin ne ya rage.