MakeMKV da HandBrake: da su na kwashe faya-fayan gidanmu

Faifan DVD ba ya mutuwa rana ɗaya. Ana cikin kallo sai hoto ya daskare murya na ci gaba, can kuma ya yi tsalle ya wuce wurin da ake jira. Abin da faifan bikin yayata ya soma yi ke nan bara, daidai wurin kamu, ga shi mai ɗaukar bidiyon ya daɗe da rufe shago. Shi ya sa na jawo kwalin faya-fayanmu na zauna: na biki da na suna, saukar Alƙur'ani ta ƙannena, tafsirin azumi da Baba ke saye, finafinan Hausa tun na zamanin Ƙofar Wambai, da 'yan kaɗan na waje da aka kawo mana tsaraba.

Da ka nemi manhajar kwafar faifai a intanet, na kuɗi ne za su fara tare ka. Na ɗanɗana wasunsu. Wata mintuna kaɗan take kwafa ta tsaya sai ka biya, wata kuma ta manna tambarinta a tsakiyar hoto. Kuɗin da dala ne, wasu ma duk shekara. Babban abin da suke tallatawa shi ne buɗe makullin faifai, wato CSS, wanda kamfanonin waje suka fito da shi a 1996 aka kuma karya shi a 1999. To amma duk faya-fayan biki da na wa'azi da na Hausa da ke kwalina babu ko ɗaya mai makulli. Ka saka a kwamfuta, ka buɗe folda mai suna VIDEO_TS, ga fayilolin bidiyon, wato VOB, nan a fili, kowanne bai wuce giga ɗaya ba. Me za ka biya a buɗe maka?

Wadda na fi dogara da ita ita ce MakeMKV. Fuskarta ba kyau, kuma ba ta da wata ƙwalisa, amma aikinta ɗaya ne kuma ta iya shi: ta ɗebo bidiyon da sautin yadda suke a faifai, ba ragi ba ƙari, ta haɗe maka su a fayil guda na MKV. Tunda ba ta sake sarrafa hoton, ba ta wahalar da kwamfuta. A tsohuwar laftof ɗina faifai ɗaya bai cika kai rabin awa ba. Ɓangaren DVD kyauta ne. Na Blu-ray, faifan da ya fi DVD ingancin hoto, shi ke neman lambar rajista. Illarta girman fayil. Faifai mai hawa ɗaya giga 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5, kuma abin da ke ciki shi za ta ba ka. Akwai kuma wani ɗan tarko: a tsarin da take zuwa da shi, duk guntun da bai kai daƙiƙa 120 ba tsallake shi take yi. A fim wannan alheri ne, don tallace-tallace take zubarwa. A faifan biki kuwa sau da yawa nan ne mai bidiyo ya jera hotunan ango da amarya, saboda haka a rage lambar tun kafin a fara. Ba ta ajiye shafin zaɓi na farkon faifai, kuma ba ta karanta VCD.

HandBrake aikinta daban. Ita matsewa take yi. Kyauta ce tun fitowarta a 2003, babu talla, babu tambari. Tana karanta faifan da ba shi da makulli kai tsaye, amma ni na fi son in ba ta fayil ɗin da MakeMKV ta fitar, don kada faifai ya yi ta juyawa awa da awanni yana zafi. Na zaɓi tsarin da aka rubuta Fast 576p25, domin faya-fayanmu na PAL ne, tsarin talabijin na ƙasarmu mai girman hoto 720 sau 576, na bar lambar inganci tsakanin 18 da 22 kamar yadda masu manhajar suka ba da shawara ga hoton DVD. Fim na awa biyu yakan dawo giga ɗaya da ɗori, a MP4 da waya da talabijin ke buɗewa ba gardama. Na biki ya fi haka nauyi, saboda kyamara na rawa, ga duhun rumfa, ga mutane na kai da kawo. Kada a kashe mata gyaran layukan hoto, in ba haka ba duk wanda ya motsa hannu sai ka ga gefensa ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji.

Sai dai HandBrake na cin lokaci da wuta. Fankar laftof ta yi ta kuka, batir ya zube, kuma idan kwamfuta ta mutu ana tsaka da aiki, daga farko za a sake. Da dare nake jera mata fayiloli idan an kawo wuta, in kwanta. Kuma kar kowa ya yi tsammanin za ta gyara hoto. Masu ɗaga girman hoton DVD zuwa 1080 suna ƙara nauyi ne kawai. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba ba zai fito ba. Faya-fayan nan da ake cusa fim goma ko ashirin a guda ɗaya ma ban ɓata lokaci a kansu ba, an riga an matse su har sun mutu.

VCD ba ya buƙatar komai. Ka shiga foldar MPEGAV, ka kwafe fayilolin DAT zuwa kwamfuta, manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta buɗe su. Hoton 352 sau 288 ne, ƙarami ƙwarai, kada a sake matse shi. Wanda kuma ke son faifan biki ɗungurungum har da shafin zaɓinsa, manhajar ImgBurn na yin kwafin ISO, wato faifan gaba ɗaya a fayil guda, ko da yake rabonta da sabuntawa tun 2013.

Faifan yayata kam sai da na wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, na goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba, sannan ya karantu a wata na'urar karanta faifai ta USB da na aro. Na lura na'urori sun bambanta: wanda wannan ta ƙi, waccan ta karɓa. Game da na waje, an kasa duniya yanki-yanki, kuma na'ura faifan yankinta take buɗewa: Najeriya na yanki na 5 tare da Indiya, Amurka na 1, Turai da Saudiyya na 2, kuma sau biyar kacal na'ura ke yarda a sauya mata yanki kafin ta kafe a na ƙarshe. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta taɓo karya makullin faifai, don haka mai niyya ya san da ita. Finafinan Hausan da na kwafe kuwa nawa ne na saya, kuma ban tura wa kowa ba. Mun dai ga abin da tura finafinai ya yi wa kasuwar faifai a Kano.

Yanzu na biki da suna da sauka ina ajiye su iri biyu: babban fayil na MakeMKV a rumbun ajiya na waje, ƙaramin na HandBrake a wayoyin 'yan'uwa. Finafinai ƙaramin ya ishe su. Wanda zai ɗora babban a filash ya duba tsarinta tukuna, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura giga 4. Sai an mayar da ita exFAT ko NTFS, kuma tsofaffin talabijin da yawa ba sa gane exFAT.